Wani Fim Na Indiya Da Ya Fita Dabam

'Yan'uwana ɗalibai, in aka ce fim ɗin Indiya, abin da ke faɗo mana a rai shi ne rawa da waƙar soyayya. To, ni na ga wani da ya saɓa wa wannan, ina kuwa so in ba ku labarinsa. Sunansa Pather Panchali, watau waƙar ƙaramar hanya, da harshen Bengali.

Wanda ya shirya shi, Satyajit Ray, mai zanen talla ne a Kalkata, bai taɓa yin fim ba. Ya ɗauko labarin daga littafin Bibhutibhushan Bandyopadhyay na 1929. Ya soma ɗauka cikin 1952, kuɗi suka ƙare, har ya jinginar da gwalagwalan matarsa. Sai da gwamnatin Bengal ta Yamma ta ba shi rance sa'an nan fim ya fito cikin 1955.

Labarin wani gida ne na matalauta a ƙauye. Akwai yaro Apu da yayarsa Durga. Ubansu ya tafi neman kuɗi, uwar tana fama da yunwa da gorin maƙwabta. Duk da haka yaran ba su rasa abin murna ba. Dubi yadda suka ƙetare saura a guje don su ga jirgin ƙasa! Daga baya ruwan sama ya doki Durga, zazzaɓi ya kama ta, ta rasu. Uban ya komo ɗauke da tsarabar zane dominta, bai sani ba.

Cikin 1956 aka ba fim ɗin lambar yabo a Cannes ta ƙasar Faransa. Amma ba kowa ya yaba ba. Waɗansu sun ce labarin yana tafiyar hawainiya. Cikin 1980 kuma Nargis, tauraruwar Mother India, ta zargi Ray a majalisa da tallar talaucin Indiya a ƙasashen waje.

Ni dai a ganina ba tallar talauci ya yi ba, ya nuna cewa ɗan talaka ma yana da hankali da son sani. Gobe in mun shiga aji, za mu tarar da irin su Apu da Durga zaune gabanmu, riga a yage, ciki ba kome. Kada mu yi saurin kiransu daƙiƙai tun ba mu san halin da suka baro a gida ba.