Fadama a cikin akwatin gilashi: Yadda ake haɗa faludariyam a gida

Faludariyam akwatin gilashi ne da ake raba cikinsa gida biyu, tudu da ruwa, domin tsirrai da ƙananan kifaye su rayu tamkar a bakin fadama. Sunan ma ya samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin fadama.

Wuyar aikin tana kan iyakar sassan biyu. Ana kafa shinge na gilashi, a liƙe shi da silikon marar maganin funfuna, domin mai maganin guba ne ga kifi. A gindin tudun a zuba tsakuwa, a shimfiɗa raga, sannan a ɗora ƙasa. Idan aka tsallake wannan, saiwoyi su ruɓe, ruwa ya gurɓace.

Gaggawa kuwa ita ke kashe kifi. Kashinsa na haifar da amoniya, kuma bakteriyar da ke sarrafa ta na buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ta wadata. Sai a jira.

Ƙaramin injin juya ruwa wajibi ne, kuma a nan matsalar lantarki ke shigowa. Ruwan da ya tsaya cik, babu kifi a cikinsa, yana iya ƙyanƙyashe sauro cikin kwana 10, a tsakiyar ɗaki.