Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi Bayan An Sauya Mata Babban Allo

Gabatarwa

A cikin kowace kwamfuta ta tebur akwai wani faffaɗan allo mai ɗauke da dubban siraran hanyoyi na jan ƙarfe, wanda dukkan sauran sassan na'urar ke jone a jikinsa. Shi ne babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod. A kansa firosesa take zaune, wato sashen da ke yin lissafi. A kansa ake cusa sandunan RAM, wato ma'adanar wucin gadi, kuma da shi ake haɗa faifan ajiya inda takardu da hotuna suke. Akan sauya shi idan tsohon ya ƙone, ko kuwa idan ana son sabuwar firosesa wadda tsohon ba zai iya ɗauka ba.

Sau da yawa bayan an gama wannan aiki, an ɗaure sukurori an danna maɓallin wuta, sai a ji shiru, ko fanka ta yi ta juyawa sikirin kuwa baƙi ƙirin. A nan ne hankali kan tashi, domin ban da kuɗin da aka kashe, faifan yana iya kasancewa ɗauke da kundin digirin da aka yi shekara uku ana rubutawa, ko sakamakon jarrabawar ɗalibai, ko lissafin kanti. Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, tashin kwamfuta matakai ne a jere, kowane yana jiran wanda ke gabansa. Wanda ya gano matakin da ta tsaya, ya gano unguwar da matsalar take.

Yadda Kwamfuta Ke Tashi

Tun kafin a taɓa maɓalli, akwatin wutar da ke cikin kwamfuta yana tura wa allo 'yar wuta mai ƙarfin bolt 5, wadda ke zaman jiran umarni. Da an danna maɓalli sai allon ya umarci akwatin ya saki sauran, wato bolt 3.3 da bolt 5 da bolt 12. Kafin rabin daƙiƙa ta cika, akwatin yakan aiko da alamar cewa wuta ta daidaita. Wannan shi ne mataki na farko.

Daga nan firosesa ta farka ta karanta wata ƙaramar manhaja da aka adana a jikin allon. Ana kiran ta BIOS, tana kuma cikin kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981, wadda ita ce kakar mafi yawan kwamfutocin tebur na yau. Allunan yanzu suna ɗauke da magajiyarta mai suna UEFI, ko da yake tsohon sunan bai bar bakin jama'a ba. Aikinta shi ne binciken lafiyar sassa, daga firosesa zuwa RAM zuwa sashen fitar da hoto. Wannan shi ne mataki na biyu. A mataki na uku sai ta nemi faifan da babbar manhaja take, kamar Windows ko Linux, ta miƙa mata ragama.

Ƙa'idoji Biyu Kafin A Taɓa Komai

Ta farko ita ce ta ɗakin gwaje-gwaje. Mai binciken da ke son sanin abin da ya hana iri tsirowa ba ya sauya ruwa da ƙasa da zafi lokaci guda, domin ko irin ya tsiro ba zai san wanne ne ya yi aiki ba. Haka ma a nan: a sauya abu ɗaya, a kunna, a rubuta abin da aka gani, sa'an nan a wuce gaba.

Ta biyu ita ce ta kare kai da kare kaya. Kafin a sa hannu cikin kwamfuta sai a zare wayarta daga bango, a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta zube. Kada a kuskura a buɗe akwatin wuta, domin akwai sassa a cikinsa da ke riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi. Har ila yau a kula da lantarkin da ke taruwa a jikin mutum, irin wanda ke yin ƙas-ƙas in an tuɓe riga da hunturu. Mutum ba ya jin wannan tartsatsi sai ya kai dubban bolt, alhali ƙasa da bolt 100 yana iya lalata wasu sassan. Bushewar iskar hunturu tana ƙara shi ƙwarai, saboda haka a riƙa taɓa ƙarfen jikin kwamfutar kafin a ɗauki wani sashe, a kuma riƙe shi ta gefe.

Mataki Na Farko: Babu Motsi Ko Kaɗan

In an danna maɓalli babu fanka babu fitila, to, maganar wuta ce. A fara da soket ɗin bango da ɗan makunnin da ke bayan akwatin wuta. Daga nan a duba babbar wayar da ke shiga allo. A tsarin ATX wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1995 bakinta ramuka 20 ne, daga baya aka mai da su 24. Tana da tauri, kuma sai an danna ta har maƙallinta ya kama.

Abu na gaba shi ne siraran wayoyin da ke fitowa daga gaban kwamfutar. Wayar maɓallin kunnawa tana hawa kan wasu tsinkaye biyu, jerinsu kuwa yakan bambanta daga allo zuwa allo, don haka littafin sabon allon ne abin bi. Ana iya tsallake maɓallin baki ɗaya ta hanyar taɓa tsinkayen biyu da bakin sukundireba na ɗan lokaci. Idan na'urar ta tashi, an gane ke nan wayar ce ba ta hau inda ya dace ba, ko maɓallin ne ya lalace.

Idan kuwa fanka ta yi wuf ta tsaya, a yi zargin cewa wuta ta haɗe da ƙarfen jiki. Allo yana zama ne a kan wasu gajerun turaku masu tsare shi daga taɓa ƙarfe, kuma ramukan babban allo da na ƙarami ba duka suka yi daidai ba. Turke guda da tsohon allo ya bari a inda sabon ba shi da rami ya isa ya hana komai tashi. Maganin wannan shakka shi ne a fito da allon, a ɗora shi a kan kwalin da ya zo ciki, a jona masa firosesa da fankarta da sandar RAM guda da wuta kawai, a kunna.

Akwai kuma abin lura ga masu amfani da kwamfutocin ofis na hannu da ake shigowa da su daga ƙetare. Da yawa daga cikin na Dell da HP suna da nasu tsarin wayoyin wuta wanda bai dace da allon ATX ba. Wasu tsofaffin akwatunan wuta kuma suna da ɗan makunni na zaɓi tsakanin 115 da 230. Wanda ya aro irin wannan don gwaji, ya tabbata yana kan 230 kafin ya jona shi da wutar Nijeriya ko Nijar, in ba haka ba akwatin zai ƙone nan take.

Mataki Na Biyu: Fanka Na Juyawa, Babu Hoto

Wannan alama ce cewa wuta ta shiga, amma binciken sassa ya cije. Allon yakan faɗi inda ya tsaya. Da yawa daga cikin na yanzu suna da fitilu huɗu da aka rubuta wa CPU da DRAM da VGA da BOOT, wato firosesa da RAM da hoto da faifai, wadda ta tsaya a kunne kuwa ita ce mai nuna laifi. Wasu kuma da ƙara suke magana in an maƙala musu 'yar lasifika. A yawancinsu gajeren ƙara guda yana nufin lafiya lau, sauran kuwa sai a nemi ma'anarsu a littafin allon.

Abin da aka fi mantawa shi ne wayar wutar firosesa, mai ramuka 8 ko 4, wadda ke shiga a kusurwar sama ta allon. Tana kama da ta katin hoto, amma jerin wutarsu ya saɓa, don haka kada a cusa wata a gurbin wata. Bayanta sai RAM. A cire dukkan sanduna a bar guda, a danna ta sosai har ta yi ƙas, galibi a rami na biyu daga firosesa. DDR4 da DDR5 kowace tana da haƙora 288, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, kuma allon da aka yi don ɗaya ba ya karɓar ɗayar. Bugu da ƙari, allon DDR5 yana iya yin 'yan mintuna sikirin na baƙi a kunnawar farko, yana daidaita kansa da sandunan. Mai gaggawa yakan kashe shi yana tsakiyar aiki ya ce ya lalace.

Sai batun dacewar firosesa da allo. Kamar yadda likita ba ya ƙara wa majinyaci jini don kawai ja ne sai ya duba rukuninsa, haka shigar firosesa cikin gurbi ba ta nuna cewa za su yi aiki tare. Intel ya fito da gurbin LGA1151 a 2015, amma firosesocinsa na zubi na takwas da suka fito a 2017, duk da yawan tsinkayen bai sauya ba, ba su aiki a kan allunan farko. Shi kuwa gurbin AM4 na kamfanin AMD ya karɓi zubi da dama, sai dai lokacin da Ryzen 5000 suka fito a 2020, allunan da aka ƙera kafin nan sai da aka sabunta musu BIOS suka gane su. Wasu alluna suna da maɓallin yin wannan sabuntawa daga filashi ko babu firosesa. Kada a fara ta sai da wutar da ba za ta yanke ba, kamar ta inbata, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin tana iya kashe allon. A kuma haska gurbin da tocila a duba ko wani tsinke ya lanƙwashe.

Game da hoto, in akwai katin hoto, a jikinsa ake jona wayar sikirin. Firosesocin Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu ba su fitar da hoto da kansu, haka ma yawancin Ryzen na gurbin AM4 waɗanda ba su da harafin G. In duk wannan bai yi ba, sai a zare wuta a cire ɗan batir mai kama da kwabo, mai lamba CR2032, na kamar minti biyar, domin allon ya koma kan saitinsa na asali.

Mataki Na Uku: Hoto Ya Fito, Windows Ta Ƙi Buɗewa

Wanda ya ga tambarin kamfanin allo a sikirin ya haye mafi wuyar gaɓa, amma a nan ne aka fi yin asarar da ba ta da magani. A shiga shafin BIOS a duba ko faifan ya bayyana. In bai bayyana ba a duba wayoyinsa, a kuma tuna cewa a wasu alluna sa faifai a ramin M.2 yana kashe wasu ƙofofin SATA. In ya bayyana, a sa shi farko a jerin waɗanda za a tashi da su.

Faifan da aka tsara a tsohon tsarin MBR, wanda ake amfani da shi tun 1983, ba ya tashi a kan UEFI sai an kunna wani saiti mai suna CSM, sababbin alluna kuwa galibi a kashe suke zuwa da shi. Idan kuma Windows ta fara buɗewa ta tsaya da saƙon kuskure mai lamba 0x7B, ma'anarsa ita ce ta kasa isa ga faifan, sau da yawa domin tsohon allon yana kan AHCI sabon kuwa yana kan RAID, ko akasin haka. Mayar da saitin yadda yake a da yakan warware matsalar.

Akwai kuma BitLocker, wadda ke kulle faifai ta damƙa mabuɗin ga wani sashen tsaro mai suna TPM da ke jikin allo ko cikin firosesa. Da an sauya allo sai ta nemi lambar ceto mai alƙaluma 48, wadda galibi tana ajiye a asusun Microsoft na mai na'urar, ko a hannun ma'aikatar da ta ba shi ita. Wanda ba shi da wannan lamba ba shi da hanyar buɗe faifan a kan sabon allon.

A duk waɗannan halaye takardun suna nan daram. Mai gyaran da ya ce a goge faifai a zuba sabuwar Windows kafin a kwashe abin da ke ciki, yana shirin sa mai kaya ya rasa ido garin neman gira. Ana iya jona faifan da wata kwamfutar a kwafe komai tukuna. Saƙon da ke cewa lasisin Windows bai tabbata ba kuwa ba ya hana tashi, abin da ya jawo shi kawai shi ne lasisin yana ɗaure da tsohon allo.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Kafin a kwance tsohon allo a kwafe muhimman takardu zuwa wani faifai, a rubuta lambar BitLocker a takarda, a duba jerin firosesocin da kamfanin sabon allon ya ce yana ɗauka, a kuma ɗauki hoton yadda wayoyi suke jone da yadda saitin BIOS yake. In duk da haka na'urar ta ƙi tashi, a tambayi kai abu uku a jere: wuta ta shiga? Hoto ya fito? An ga faifai? Sai bayan an gwada allon a wajen akwatin kwamfutar, da wani akwatin wuta da wata sandar RAM da aka tabbatar suna aiki, ya kuma ƙi motsi, sa'an nan za a yanke hukuncin cewa shi ne mai laifi, a mayar wa wanda ya sayar da shi tare da rasiɗi.