FASHIN BAƘI: Tarihin jirgin Huey da zuri'arsa, da tambayoyin da ke gaban ƙasashen da ke saye

A ranar 18 ga Afrilun 2024, wani jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi a gundumar Elgeyo Marakwet ta ƙasar Kenya, jim kaɗan bayan tashinsa. Mutum goma ne suka rasu, cikinsu har da Babban Hafsan Tsaron ƙasar, Janar Francis Ogolla. Bayan wata guda, ranar 19 ga Mayu, wani jirgin ya faɗi cikin hazo a tsaunukan arewa maso yammacin Iran, ya yi ajalin Shugaba Ebrahim Raisi da Ministan Harkokin Waje Hossein Amir-Abdollahian da wasu mutum shida. A watan Yuni kuma, Rundunar Sojin Ƙasa ta Najeriya ta karɓi jirage biyu ƙirar Bell UH-1H a Abuja, domin aza harsashin sashenta na jiragen sama.

Waɗannan jirage duk 'yan gida ɗaya ne. Kakansu shi ne jirgin da kamfanin Bell na Amurka ya fara tayarwa a 1956, wanda duniya ta fi sani da laƙabin Huey. Sai dai sunan kaɗai ba ya gaya wa mutum ko wane jirgi ake nufi, domin a ƙarƙashinsa akwai samfura masu yawa da suka bambanta a inji da farfela da shekaru da farashi. Wanda bai san wannan bambanci ba, ba zai iya auna ko cinikin da gwamnatinsa ta yi riba ce ko asara ba.

Darasin yaƙin Koriya

Asalin jirgin yana komawa ga yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953. A lokacin sojojin Amurka na kwashe waɗanda suka jikkata da ƙaramin jirgi samfurin H-13, wanda cikinsa ba ya ɗaukar majinyaci a kwance. Sai dai a ɗaure gadaje biyu a waje, ɗaya dama ɗaya hagu, majinyaci na shan iska da sanyi har a isa asibiti, ba tare da mai kula da shi a hanya ba.

Matsalar daga inji take. Jiragen wancan zamani na amfani da inji mai fistin, dangin na mota, wanda nauyinsa ya yi yawa idan aka kwatanta da ƙarfin da yake bayarwa. Rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta nemi sabon jirgi da zai ɗauki majinyata a ciki, ya kuma yi jigilar sojoji da kaya. A 1955 kamfanin Bell ya yi nasara a gasar da aka buɗe, kuma a watan Oktoban 1956 jirgin gwaji mai lamba XH-40 ya tashi a Fort Worth da ke jihar Texas.

Sabon abin da ya zo da shi shi ne inji dangin na jet, ƙirar Lycoming T53. A irin wannan inji, iskar da aka matsa aka ƙona da mai ce ke juya wasu fikafikai na ciki, su kuma su juya farfela ta hanyar giyabos. Injin farko na da ƙarfin dawaki 700, bai kai mai fistin nauyi ba, kuma ƙanƙantarsa ta sa aka ɗora shi a saman jirgi, cikin ya zama fili na mutane da kaya.

Sunansa na hukuma Iroquois ne, bisa al'adar sojin Amurka ta sa wa jiragensu sunayen ƙabilun asali na ƙasar. Amma lambarsa ta farko HU-1 ce, wadda sojoji suka riƙa karantawa Huey. A 1962 aka juya lambar ta koma UH-1, laƙabin kuwa ya zauna daram.

Biyetnam ta zama makaranta

Jiragen Huey sun isa Biyetnam a 1962, da farko domin kwasar majinyata. A nan ne aka gane cewa ƙarfin da aka auna a Texas ba shi ne ƙarfin da ake samu a ƙasa mai zafi da tsaunuka ba. Idan zafi ya tsananta, ko wuri ya yi tudu, iska kan yi shara-shara: inji ba ya samun isasshiyar da zai ƙona mai, farfela kuma ba ta samun abin da za ta tura ƙasa. Jirgin da ya ɗauki kaya da asuba sai ya kasa ɗaga irinsu da azahar.

Kusan kowane samfuri da ya biyo baya amsa ce ga wata kasawa da aka gani a fagen daga. An ƙara wa UH-1B ƙarfin inji zuwa dawaki 960. Da aka fara ɗaura masa rokoki da manyan bindigogi domin ya raka jiragen jigila, sai nauyi ya hana shi cim musu, saboda haka aka fitar da UH-1C mai faffaɗar farfela da ƙarin mai.

Sauyi mafi girma ya zo da UH-1D, wanda Bell ke kira samfuri na 205. An ƙara tsawon cikinsa da kimanin mita ɗaya, aka faɗaɗa ƙofofi, ya iya ɗaukar sojoji sama da goma ko majinyata shida a kwance. Sojoji sun fara karɓarsa a 1963. Amma ƙarin girma ya sake fito da ƙarancin ƙarfi, sai a 1967 aka sa masa inji mai dawaki 1,400, aka kira shi UH-1H. Wannan shi ne samfurin da aka fi ƙerawa a dukan zuri'ar, kuma shi ne sunan da ke kan jiragen da sojin ƙasan Najeriya suka karɓa.

A gumurzun kwarin Ia Drang na watan Nuwamban 1965, jiragen Huey ne suka sauke dakaru a tsakiyar daji, suka riƙa kai harsasai suna dawowa da waɗanda aka harba. Daga nan dabarar kai sojoji fagen fama ta sama ta kafu. Kimanin Huey 7,000 ne suka yi aiki a yaƙin, aka yi asarar fiye da 3,000 ta harbi da haɗurra. Ƙarar farfelarsa mai fiffike biyu, wadda ake jiyowa daga nesa kamar ana bugun tabarma, ta zama alamar yaƙin a fina-finai, amma a fagen daga ita ce ke sanar da abokan gaba cewa yana tafe.

Rassan da suka tsiro

Reshe na farko shi ne na yaƙi zalla. Injiniyoyin Bell sun ɗauki inji da giyabos da farfelar UH-1C suka ɗora a kan siririn jiki mai kujeru biyu, maharbi a gaba matuƙi a baya, domin ya yi wuyar samu da harsashi. Wannan shi ne AH-1 Cobra, wanda ya fara tashi a watan Satumban 1965, ya shiga yaƙi a 1967.

Reshe na biyu shi ne na inji biyu. Jirgi mai inji ɗaya, idan injin ya mutu a sama, matuƙi ba shi da zaɓi sai ya bar iska ta juya farfela, ya lallaɓa ya sauka a duk inda ya samu. A kan teku ko dusar ƙanƙara wannan babban haɗari ne. Bisa buƙatar sojin Kanada, aka haɗa injina biyu na kamfanin Pratt & Whitney Canada a kan giyabos guda, ta yadda idan ɗaya ya tsaya ɗayan zai riƙe jirgin. Sojin Amurka suka kira shi UH-1N, a kasuwar farar hula kuma Bell 212. Irinsa ne ya faɗi da Shugaba Raisi.

A 1979 aka gwada Bell 412, wanda aka sauya masa farfela zuwa mai fiffike huɗu. Hakan ya rage ƙara da jijjiga, ya ƙara gudu. Shi ne ake yawan gani a hannun 'yan sanda, da masu aikin ceto, da kamfanonin man fetur masu kai ma'aikata rijiyoyin cikin teku. Akwai kuma Bell 214, babban samfuri mai ƙarfi da gwamnatin Shah ta Iran ta yi odar kusan 300 a shekarun 1970, saboda zafi da tsaunukan ƙasar.

Wasu ƙasashe sun sayi izinin ƙera jirgin a gida: Agusta a Italiya, Dornier a Jamus, Fuji a Japan, da kamfanin gwamnati a Taiwan. Idan aka haɗa duka, an ƙera UH-1 fiye da 16,000, abin da ya sa shi cikin jirage masu saukar ungulu mafi yawa a tarihi, tare da Mi-8 na Tarayyar Sobiyet.

Autan zuri'ar a aikin sojan Amurka shi ne UH-1Y Venom na sojin kundumbalar ruwan Amurka, wanda ya fara tashi a 2001, ya shiga aiki a 2008. Yana da injina biyu na General Electric, farfela mai fiffike huɗu, da allunan kwamfuta a gaban matuƙi. An tsara shi tare da jirgin yaƙi AH-1Z Viper, jikan Cobra, ta yadda fiye da kashi 80 cikin 100 na sassansu iri ɗaya ne, domin sito guda da makanikai guda su wadaci jiragen biyu. In ban da kamannin jiki, kaɗan ne ya rage a cikinsa daga jirgin 1956.

Tsohon jirgi a sabuwar kasuwa

Tun daga 1979 sojin ƙasa na Amurka suka fara maye gurbin Huey da Black Hawk, kuma a 2016 suka sallami na ƙarshe. Ɗaruruwan jiragen da aka ajiye sun bazu a duniya, wasu kyauta a matsayin tallafin soja, wasu ta hannun 'yan kasuwa. Bell ya fito da tsarin sabuntawa mai suna Huey II, inda ake kwance tsohon UH-1H, a sa masa inji mai dawaki 1,800 da wasu sassan Bell 212. Irin waɗannan ne Kenya ta samu daga Amurka.

Tsufa kaɗai ba ya kayar da jirgi. A harkar jiragen sama, manyan sassa irin su fiffiken farfela da giyabos da sassan inji suna da adadin sa'o'in tashi da aka ƙayyade musu. Idan sa'o'in suka cika, dole a cire a sauya ko a yi gyaran gaba ɗaya, ko da kuwa ido bai ga lahani ba. Kowane sashe na da takardar tarihinsa. Jirgi mai shekara 50 da ake bin wannan ƙa'ida a kansa ya fi aminci a kan ɗan shekara goma da aka yi wa sakaci.

Haɗurran 2024 sun nuna fuskoki biyu na lamarin. Rahoton da hukumomin tsaron Kenya suka fitar a 2025 ya ɗora alhakin faɗuwar jirgin Janar Ogolla a kan matsalar inji, kuma jirgin mai inji ɗaya ne. Rahoton sojin Iran kuwa ya ɗora alhaki a kan yanayi da hazo mai kauri. Duk da haka, haɗarin ya sake jawo hankali kan yadda takunkuman da Amurka ta ƙaƙaba wa Iran bayan juyin juya halin 1979 suka sa samun kayan gyara na asali ya yi wa ƙasar wuya. Wanda ya sayi jirgin soja, ya ɗaura wa kansa dogaro da ƙasar da ta ƙera shi har tsawon rayuwar jirgin.

Najeriya ta ɗanɗana wannan ta wata fuskar. A 2021 wasu 'yan majalisar dokokin Amurka sun dakatar da cinikin jiragen AH-1Z saboda damuwa kan haƙƙin ɗan Adam, sai a watan Afrilun 2022 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta amince da sayar da guda 12 tare da makamai da horo, a kan kuɗin da aka ƙiyasta dala miliyan 997.

Abin da ya kamata a tambaya

Buƙatar da ta haifi Huey a Koriya tana nan a Borno da Zamfara: sojan da aka harba a daji, nesa da asibiti, a hanyar da ake dasa nakiya. Jirgi mai araha, mai sauƙin gyara, wanda zai iya sauka a fili ya kwashi majinyata shida, abu ne mai amfani ƙwarai. Haka kuma matsalar da ta addabe shi a Biyetnam na jiransa a Arewa, inda zafi kan haura maki 40 a watannin bazara, ga ƙurar hunturu mai cin fiffiken farfela da cikin inji.

Don haka idan aka gabatar da jirgi a gaban kyamara, akwai tambayoyin da ya wajaba kwamitocin tsaro na majalisa da masu binciken kuɗi su nemi amsarsu a rubuce. Wane samfuri ne, kuma a wace shekara aka ƙera jikinsa? Wane inji ke cikinsa, na dawaki 1,400 ko na 1,800? Sa'o'i nawa suka rage wa manyan sassansa, kuma takardun tarihinsu sun zo tare da shi? An sa masa matatar ƙura da na'urorin tashin dare? Yarjejeniyar ta ƙunshi kayan gyara da horar da makanikai na shekara nawa, kuma nawa aka ware wa hakan a kasafin kuɗi?

Kuɗin saye wani yanki ne kawai na abin da jirgi ke ci a rayuwarsa. Mai da safaya da horo ne ke lashe mafi yawa. A nan ne ake gane ko jirgin zai kai shekara goma yana kwasar majinyata, ko kuwa zai ƙare a rumfar ajiya ana cire sassansa domin gyara ɗan'uwansa.