Muhawarar Samuwar Allah: Daga Zauren Mafara Zuwa Birnin Kambirij

Ɗalibin da ya dawo hutu Talata Mafara yana zaton a jami'a aka fara muhawara kan samuwar Ubangiji, to ya matso kusa.

Almajiran zaure sun riga shi. Ɗan littafin tauhidin nan, Ummul Barahina, na Shehu Sanusi mutumin Tilimsan da ya rasu a 1490, bayan hamdala da salati, da hukuncin hankali ya fara: wajibi, mustahili, ja'izi. Hujjarsa gajera ce. Duniya fararriya ce, fararre kuwa ba ya farar da kansa. Fulani sun haddace wannan karatu da harshensu, suna kiransa kabbe.

Sai wasu malamai suka wuce gona da iri, suka ce duk wanda bai iya kawo dalilin hankali ba kafiri ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, ya tashi tsaye ya yi musu raddi a rubuce. A wurinsa, tsohuwar da ke daka a tsakar gida, ko ba ta iya jero sifofin Ubangiji ashirin ba, Musulma ce. Wannan adalci nasa ya fi komai burge ni.

Maguzawa ma, da duk tsafinsu, ba su musanta Mahalicci ba.

A 1979 wani Kirista Ba'amurke, William Lane Craig, ya ɗauko wannan hujja ta faruwar duniya daga Imam Gazali ya fitar da littafi a kanta, ya kuma sa mata sunan Larabci, kalam.

Masu musu fa? Makaminsu mafi kaifi shi ne wahala: in akwai Mai rahama, Mai iko, don me jariri zai mutu? Wanda ya tuna gubar dalma ta 2010, da ta ci yara kusan 400 a Anka da Bukkuyum, ya san tambayar ba ta wasa ba ce. Masu imani sukan amsa cewa duniya gidan jarrabawa ce, hannun ɗan Adam na cikin yawancin ɓarna, kuma ganin bawa bai kai ƙarshen hikima ba. Masanin falsafa David Hume ya zurfafa wannan tambaya, amma littafinsa bai fito ba sai 1779, shekara uku bayan mutuwarsa.

A ɓangaren masu imani kuma, William Paley ya ce wanda ya tsinci agogo a daji ya san akwai maƙerinsa. Darwin, wanda nazarinsa ya girgiza wannan hujja, a kwalejin Paley ya yi karatu a Kambirij, kuma yana saurayi ya so littafin Paley ƙwarai.

Wani masanin falsafa kuma, Antony Flew, ya shafe shekara hamsin yana musu, a 2004 ya ce ya yarda akwai Mahalicci.

Malamanmu na Mafara, Bakura da Maradun, Allah ya gafarta muku, in yaro ya zo da irin wannan tambaya, a shimfiɗa masa buzu, a buɗe masa littafin Sanusi.