Juyen Farko: Hikimar Sauya wa Sabuwar A-kori-kura Baƙin Mai da Wuri

Duk wanda ya taɓa zama cikin direbobi ranar da wani ya sayo sabuwar a-kori-kura, ya ji irin gardamar da kan tashi. Tsofaffin hannu sukan ce da zarar mota ta cika kilomita 1,000 a juye man da ta zo da shi, domin cike yake da ɓurɓushin ƙarfe. Su kuwa matasan da suka duba littafin da kamfani ya haɗo da motar, sai su ce asarar kuɗi ce kawai, a bari sai lokacin da aka rubuta ya yi. Gardamar ba ta banza ba ce, domin a-kori-kura jari ce. Ita ke kai hatsi kasuwa, ita ke kai taki gona, kuma idan injinta ya buga, gida guda ne ya shiga wani hali. Saboda haka bari mu leƙa cikin injin mu ga abin da kimiyya ta ce, sa'an nan mu bi yadda mutum zai yi juyen da hannunsa ba tare da ya jawo wa kansa ɓarna ba.

Aikin mai a cikin inji

Mai karatu ya ɗauki injin da ke juyi 3,000 a minti ɗaya, wanda ba wani gudu ba ne a kan babbar hanya. Wannan juyi 50 ke nan a kowace daƙiƙa, kuma a cikin daƙiƙar nan kowane fistin zai hau sau 50 ya sauka sau 50 a cikin silindarsa. Da ƙarfe zai gogi ƙarfe kai tsaye a irin wannan sauri, da zafin gogayya ya narkar da fuskokinsu sun manne cikin 'yan mintoci. Abin da ke hana haka shi ne wani siririn shimfiɗin mai da ke shiga tsakaninsu, wanda a wasu wurare kaurinsa bai wuce maikiron kaɗan ba. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita, kuma gashin kan mutum yakan kai kimanin maikiron 70.

Yadda aka gano ƙarfin wannan shimfiɗi abin sha'awa ne. A shekarar 1883 wani injiniya a Ingila mai suna Beauchamp Tower yana gwaji a kan mazaunin da sandar ƙafar jirgin ƙasa ke juyawa a ciki. Ya huda mazaunin, ya toshe hudar da toshiya, amma duk lokacin da sandar ta soma juyawa sai mai ya tunkuɗo toshiyar waje. Da ya sa ma'auni sai ya ga ashe juyawar sandar ce ke jan mai zuwa cikin ƙunƙuntar tazara, ta matse shi har ya sami ƙarfin ɗaga sandar. A 1886 Osborne Reynolds ya bayyana lissafin wannan al'amari. Wato ke nan sandar inji a kan mai take yawo, kamar kwalekwale a kan ruwa.

Ban da raba ƙarfe da ƙarfe, mai yana kwashe zafi daga ƙarƙashin fistin, yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin zoben fistin da bangon silinda, yana hana tsatsa, yana kuma ɗauke dauɗa ya kai ta ga filta.

Abin da ke faruwa a sabon inji

Fuskar ƙarfen da ido ke gani sumul, idan aka sa ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma sai a ga tuddai da kwaruruka. A bangon silinda ma da gangan masana'anta ke yin wasu ƙananan zane masu gicciye juna, domin mai ya sami wurin maƙalewa. A farkon rayuwar inji, zoben fistin yana goge kawunan tuddan nan har fuskokin biyu su dace da juna, kamar yadda sabon takalmi ke saba wa ƙafa. Abin da aka goge kuwa cikin mai yake faɗawa. Shi ya sa idan aka kai man farko ɗakin gwaji, akan sami baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da alminiyam fiye da yadda za a samu a juye na uku ko na huɗu, tare da ragowar sinadaran da aka yi amfani da su wajen haɗa injin.

Filta tana kama manyan ɓurɓushi, musamman waɗanda suka kai maikiron 20 zuwa 40 ko suka wuce. Waɗanda suka fi haka ƙanƙanta da yawansu sukan wuce su ci gaba da zagayawa. Nan ne hujjar tsofaffin direbobi take, kuma a zamaninsu hujja ce mai ƙarfi. Lokacin da aka soma harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, juyen farko da wuri abu ne da masu ƙera motoci da kansu suke umurtawa, domin injunan wancan zamani suna fitar da ɓurɓushi mai yawa.

Yau al'amarin ya sauya. Na'urorin da kwamfuta ke sarrafawa suna yanka ƙarfe daidai wa daida, kuma akan goge kawunan tuddan bangon silinda tun a masana'anta. Man ma ya inganta, haka filta. Don haka kamfanoni da yawa ba su ƙara sa juyen wuri cikin sharuɗɗansu ba. Kamfanin Honda ma ya rubuta a litattafan motocinsa da dama cewa kada a sauya man farko sai lokacinsa ya yi. Abin da litattafan suka fi nanatawa shi ne tuƙi: a kilomita 1,000 zuwa 1,600 na farko a guji gudu mai tsanani, da fizgar mota, da daɗewa a kan sauri guda, kuma kada a ja tirela a farkon farawa.

To wa ke da gaskiya? Magana ta adalci ita ce, juyen wuri a injin zamani ba dole ba ne sai in littafin motar ya ce a yi. Idan littafin bai hana ba, aka kuma yi shi da man da ya dace, ba ya cutar da inji, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin sabon inji. Sai dai akwai abin da ya fi wannan muhimmanci a wajenmu. Litattafan motoci irin su Toyota Hilux, wadda aka soma ƙerawa a 1968 kuma ta cika hanyoyin Nijeriya da Nijar, sun ware abin da suke kira yanayi mai tsanani: hanya mai ƙura, kaya masu nauyi, gajerun tafiye-tafiye, da barin inji yana aiki mota na tsaye. A irin wannan yanayi akan rage tazarar juye, misali daga kilomita 10,000 zuwa 5,000. Motar da ke bin burji da hunturu ɗauke da buhuna ta faɗa cikin wannan rukuni. Ƙurar nan yashi ce mai laushi, kuma idan ta sami shiga inji aikin sanfefa take yi.

Karanta rubutun jikin galan

A jikin galan za a ga lamba irin su 5W-30 ko 15W-40. Wannan tsari ne na ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, wato SAE, kuma kaurin mai yake nunawa. Lambar farko mai harafin W tana faɗin yadda mai ke gudana cikin sanyi. Gwargwadon ƙanƙantarta, gwargwadon saurin isarsa sassan inji da sassafe. Lamba ta biyu kuwa kaurinsa ce a zafin digiri 100 na ma'aunin Salshiyas. Jama'a da yawa suna zaton mai kauri ya fi kowane, ganin ƙasarmu ƙasar zafi ce. Amma tazarar da ke tsakanin sassan sabon inji ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma man da ya wuce kaurin da aka ƙayyade yakan yi jinkirin shiga, ya kuma ƙara wa mota shan fetur.

Alama ta biyu ta cibiyar API ce. Harafin S na injin fetur ne, C kuwa na injin dizal, kuma harafin da ke biye yana nuna zamanin ingancin. Misali SN ya fito a 2010, SP a 2020, CK-4 na dizal kuma a 2016. Injin dizal mai matatar hayaƙi a salansa yana bukatar mai na musamman marar toka da yawa, in ba haka ba matatar ta toshe. A sayi mai da filta a wurin da aka amince da shi, a duba hatimin murfi, domin hukumar SON ta sha gargaɗi a kan jabun mai a kasuwa. Araha dai ba ta ado.

Yadda ake juyen

Kafin a taɓa sifana, a tambayi dillalin da ya sayar da motar game da garanti, domin wasu sukan sa sharaɗin a yi sabis a garejinsu. Idan babu matsala, a tanadi mai gwargwadon abin da littafi ya faɗa, wanda a irin waɗannan motoci yakan kama daga lita 5 zuwa 8, da sabuwar filta, da sabuwar washa, da sifana daidai da notin, da mazurari, da safar hannu, da kwano mai cin lita 10.

A tsayar da mota a wuri mai baje, a ja birkin hannu, a sa weji a tayoyi. Yawancin a-kori-kura suna da tsayin da mutum zai shiga ƙarƙashi ba sai an ɗaga ba. Idan kuwa ɗagawa ta kama, kada a kuskura a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da matokaran ƙarfe da aka yi don haka. Jak yakan zame, mota kuwa ta kusa tan biyu ko ta fi.

A tayar da inji na kamar minti 5 don mai ya tsinke, a kashe, a ɗan dakata. Man injin da ya dawo daga tafiya yakan kai digiri 100, yana kuma sale fata. A buɗe murfin zuba mai na sama, a ajiye kwano, a kwance notin ƙasa ta hagu, wato saɓanin tafiyar hannun agogo. A tabbata notin kaskon inji ne, ba na akwatin giya ba, domin wannan kuskure ya sha faruwa. A bar mai ya tsiyaye na minti 10 zuwa 15.

Wajen mayar da noti a sa sabuwar washa, a fara murɗawa da yatsu har ya zauna, sa'an nan a ɗaure da sifana daidai ƙarfin da littafi ya ƙayyade. Wanda ya ɗaure da dukan ƙarfinsa yana iya cinye zaren kaskon, garin neman gira ya rasa ido. Sai a cire tsohuwar filta, a duba cewa robar bakinta ta fito tare da ita. Idan ta maƙale aka ɗora sabuwa a kanta, mai zai tsiyaye a hanya. A shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar filta, a murɗa da hannu har ta taɓa mazauninta, a ƙara kimanin kashi uku cikin huɗu na zagaye, ko yadda aka rubuta a jikinta.

A zuba mai ƙasa kaɗan da adadin da aka faɗa, a rufe, a tayar da inji. Fitilar mai ta gaban direba ya kamata ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. Idan ta ƙi, a kashe inji nan take. A leƙa ƙasa a ga ko akwai ɗiga. A kashe, a jira minti 5, a zaro geji a goge, a mayar, a sāke zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamun nan biyu. Idan ya yi yawa, sandar inji takan kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta ɗaukar nauyi. A ƙarshe a rubuta kwanan wata da kilomita da irin man, a adana rasit.

Ina za a kai tsohon man?

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye ɗaya yana iya gurɓata ruwa galan miliyan 1, wato kusan lita miliyan 3.8. A garin da rijiya ke tsakar gida, wanda ya zuba shi a ƙasa ko a kwata ko a masai, ruwan shan iyalinsa da na maƙwabta ya nufa. Tsohon mai yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da ragowar ƙuna, kuma gwaji a kan dabbobi ya nuna cewa yawan taɓa fata da shi yana jawo ciwon daji. Saboda haka al'adar shafa shi a gyambon jaki ko na shanu abar bari ce. A ɗura shi a galan mai murfi, a kai wa gareji ko gidan man da ke tara shi, a wanke hannu da sabulu.

Gwaji ga malamai da ɗalibai

Malamin kimiyya yana iya kawo wannan darasi cikin aji da kuɗi kaɗan. A cika dogayen kwalabe biyu masu haske da sabon man inji, a ajiye ɗaya cikin ruwan randa, ɗaya cikin ruwan ɗumi, na minti 15. A jefa ƙaramar ƙwallon boris a kowace, ɗalibai su auna daƙiƙun da ta ɗauka kafin ta isa ƙasa. A maimaita da man gyaɗa, a zana sakamakon a jadawali. Ɗalibai za su ga da idonsu yadda zafi ke tsinka mai, abin da duk wanda ya ga man shanu ya daskare da hunturu ya riga ya sani.

Gwaji na biyu, a samo ɗan man juyen farko, a naɗe mayen ƙarfe cikin farar leda, a zagaya da shi a gindin kwanon, malami na sanye da safar hannu. Laushin baƙin gari da zai manne shi ne tuddan da zoben fistin ya goge, kuma ba abin damuwa ba ne. Amma idan aka ga gutsattsarin da yatsa ke iya ji, mai motar ya koma wurin dillali tun garanti bai ƙare ba. Ɗalibai su tattauna dalilin da ya sa alminiyam da jan ƙarfe ba za su bi mayen ba, ko da suna cikin man. Su kuma lura cewa baƙin launi kaɗai ba shaidar lalacewa ba ne, domin man injin dizal yakan yi baƙi cikin 'yan kwanaki saboda kunkunniyar da aka yi shi don ya riƙe.