Yadda Mai Juna Biyu Za Ta Dafa Ƙwai a Gida

Uwargida, a wajen awon ciki mukan ce ki riƙa cin ƙwai, amma saboda yawan jama'a ba kasafai muke samun sukunin gaya miki yadda za ki dafa shi ba. Ƙwan kaza guda yana ɗauke da kimanin giram 6 na sinadarin gina jiki, gwaiduwarsa kuma tana da sinadarin kolin, wanda ke taimaka wa ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Zancen wai ɗan wadda ta ci ƙwai zai tashi da ɗauke-ɗauke camfi ne kawai. Abin da muke gudu a asibiti shi ne ƙwan da bai dahu ba.

Akwai wata ƙwayar cuta, salmonela, da ke maƙale wa ɓawo daga kashin kaza, wani lokaci ma tana cikin ƙwan ko da ɓawon bai tsage ba. Ba a gane ta da ido ko da hanci. Tana kawo amai, gudawa, zazzaɓi da murɗar ciki. Ga mai ciki abin ya fi tsanani, domin zazzaɓi mai zafi da ƙarewar ruwan jiki na iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Zafin wuta yana kashe ta, amma sai farin da gwaiduwar duka sun daskare. Saboda haka ƙwai mai ruwa-ruwa, komai daɗinsa, a haƙura sai bayan haihuwa. Haka nan ɗanyen ƙwai da ake kaɗawa cikin madara wai don ƙarin jini. Maigida da iyaye, don Allah a daina ba ta. Ƙarin jininta yana cikin ƙwayoyin da muke ba ta wajen awo.

Kafin ki ɗora tukunya, ki ware duk wanda ya tsage. Sauran ki sa su cikin ruwa a kwano. Sabo yakan kwanta a ƙasa. Wanda ya taso sama ya daɗe, ki zubar. Sai ki jera su a tukunya, kada ki ɗora wani kan wani, ki zuba ruwan sanyi ya shanye kansu da kamar gaɓar yatsa guda.

Nan ne mata da yawa ke kuskure. Ba daga ɗora tukunya ake fara ƙirga lokaci ba, daga sa'ar da ruwan ya tafasa ne. Da ya tafasa ki rage wuta, in murhu ne ki janye itace ɗaya ko biyu, don kada su riƙa karo da juna su fashe. Ki duba agogo, minti 10 zuwa 12. Ƙwan zabi da ke yawa da damina ya fi ƙanƙanta, amma ni nakan ce a ba shi lokacin nan ma. In kin sauke ki tsoma su cikin ruwan sanyi mai tsabta, ɓarewa za ta fi sauƙi. Idan kin ga kore-kore a gefen gwaiduwa, dahuwa ce ta wuce, ba ya cutarwa.

Ki wanke hannu da sabulu bayan taɓa ɗanyen ƙwai. Dafaffe kuwa kada ya wuce awa 2 a ajiye a waje, balle da bazara. A firji yana iya kwana 7, in wuta na tsayawa. In ba ta tsayawa, ki dafa daidai wanda za ki ci. Na talla da na tasha ba ki san yaushe aka dafa su ba.

Idan amai ko gudawa suka kama ki, ki fara shan ruwan gishiri da sukari, a kawo ki asibiti a ranar, kada ki jira ranar awo.