Abinci mai gina jiki, mai araha, mai saurin dahuwa

Hausawa sun ce: da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomi ba ya iya noma in jikinsa babu ƙarfi. Yaro kuma ba ya girma in abincinsa bai cika ba.

Lokacin damina aiki yana yawa. Mata suna gona tun da safe. Hatsi ya ragu cikin rumbu, kuɗi sun yi wuya. Shi ya sa gidaje da yawa suke wuni da fura tsararo, su kwana da tuwo da miya lami. Ciki yana cika, amma jiki bai samu abin da yake bukata ba. A wannan lokaci ne tamowa ta fi kama ƙananan yara.

Abinci iri uku ne

1. Mai ba da ƙarfi: hatsi, dawa, shinkafa, rogo, mai.
2. Mai gina jiki: wake, gujiya wadda wasu ke kira gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, kifi, nama.
3. Mai kare jiki daga cuta: zogala, kuka, yakuwa, tafasa, tumatir, kabewa, mangwaro.

Abinci cikakke shi ne wanda ya haɗa ukun nan cikin ƙwarya ɗaya. Ba sai da nama ba. Ƙasarmu Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya. Kada mu kai shi duka kasuwa bayan girbi. Mu ajiye rabon gida. Hatsi da wake in sun haɗu, suna gina jiki fiye da hatsi shi kaɗai.

Ga abinci uku da ba su cin lokaci, ba su cin itace da yawa.

Da safe: kunu mai wake

Mu soya wake cikin kasko ba tare da mai ba. Mu cire ɓawon, mu niƙa. Mu haɗa mudu 3 na garin hatsi da mudu 1 na garin waken. Mu ajiye cikin gwangwani mai murfi, wuri busasshe. Kowace safiya mu ɗebi kaɗan, mu dama, mu bar shi ya tafasa minti 10. Mu ƙara garin ƙuli-ƙuli da cokali 1 na mai. Kunun ya yi kauri, don kunu tsararo ruwa ne kawai yake cika cikin yaro.

Jinjiri da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Daga wata 6 ne za a fara ba shi kunu, kuma a ci gaba da shayar da shi.

Da rana: kwaɗon zogala

Mu wanke ganyen da ruwa mai tsabta. Mu dafa shi har ya yi laushi, mu tsane ruwan. Mu zuba garin ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, gishiri da mai kaɗan. In akwai dambu ko garin rogo, mu haɗa. Inda babu zogala, tafasa ko rama suna yi. Man nan yana da amfani: shi ke taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ganyen da ke kare ido daga dundumi.

Da dare: wake da hatsi

Mu jiƙa wake tun da safe kafin mu tafi gona. Da marece mu zubar da ruwan, mu dafa da sabon ruwa. Waken da aka jiƙa yana saurin dahuwa, ba sai an cika masa kanwa ba. Kanwa mai yawa tana kashe wani sashe na amfanin abinci. Mu zuba surfaffen hatsi ko shinkafa su dahu tare. Mu ci da mai da yaji da albasa. Ga yara, mu murƙushe waken, mu rage yaji.

Abubuwan kiyayewa

Mu wanke hannu da sabulu kafin girki da kafin ci.

Mu tsince gujiyar da ta yi funfuna ko ta ruɓe, mu zubar. Tana da guba mai lahanta hanta, kuma wuta ba ta kashe gubar.

Mu sayi gishiri mai iyod. Yana hana maƙoƙo.

Abincin da ya kwana, mu ɗumama shi har ya yi zafi ƙwarai kafin a ci.

Ƙaramin yaro a zuba masa cikin ƙwaryarsa, don manya kada su rigaye shi. In ya rame ko ƙafafunsa sun kumbura, a kai shi gidan likita ba da jinkiri ba.

Ƴan uwa magidanta, wannan magana ba ta mata kaɗai ba ce. Maigida ne ke riƙe da rumbu. Bana, ranar awon wake, mu fara ware na iyali kafin na kasuwa.